Hoton Kabarin Belmiro

"Ɗago haɓarka, maƙwabci," in ji Ermelinda. "Kuma ka cire hular nan."

"Haske bai yi ba," Belmiro ya amsa daga cikin keken marasa lafiya, ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan kogin Sado, wanda ruwansa ya janye ya bar taɓo fetal, kwale-kwalen masunta duk sun kwanta a kan haƙarƙarinsu.

Ermelinda ta ja tsaki. Tun da duhu ta tashi ta ɗumama masa madara, ta cusa shi cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ta turo shi a kan gadar katakon da ke girgiza, ga kyamara a wuya, ga ƙafafun kyamarar uku a hammata. Mace mai ciwon gwiwa, wadda ko mijinta marigayi bai taɓa sa ta wannan wahala ba.

Ba don nishaɗi take yi ba. Likita ya riga ya gaya mata a ƙofar gida, da murya ƙasa-ƙasa, cewa tsohon ba zai ga ƙarshen sanyin bana ba. A maƙabartar garin kuwa, dutsen kabarin matarsa Fausta yana nan da gurbin hoto biyu: na hagu da hoton fuskarta a ɗan tangaran mai siffar ƙwai, na dama wayam yana jira. Ermelinda ce ta rufe idon Fausta, ita ce kuma ta yi mata alkawarin ba za a binne Belmiro kamar baƙon da ruwa ya kawo ba. Ta daɗe tana wanke kaburbura, ta sani sarai cewa wanda ba shi da fuska shi ake fara mantawa da furensa.

Abin haushin shi ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa da kyamara a hannu ba shi da hoton kansa ko ɗaya. Da rana aski yake yi, da asuba yana bakin kogi. Ta zazzage akwatunan ƙarƙashin gadonsa kaf: taɓo, taɓo da zalɓe, taɓo da kwale-kwale, taɓo da hazo. A hoton katin shaidarsa hatimi ya cinye rabin kunci. A na aurensu ma ya juya ƙeya yana nuna wa mai hoton inda zai tsaya.

Da ta fara yi masa maganar, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi.

"Tsoho da kwat a gaban kyamara, ai kowa ya san inda hoton za shi. To, na yarda. Amma ba cikin ɗaki ba, kamar ɓarawon da 'yan sanda suka kama. Sai ranar da janyewar ruwa ta haɗu da fitowar rana."

Hali zanen dutse. Ranar da ruwa ya janye daidai, hazo ya rufe ko'ina. Ranar da gari ya washe, ruwa ya cika har yana lasar katako. In kuma abin ya ɗan yi dama-dama, sai ya ce, "Gwada a kan wancan kwale-kwalen tukuna, mu ga hannunki." Ita kuma ta danna, tana ƙunƙuni.

"Hannunki na rawa, Ermelinda. Riƙe numfashi."

"Kai ma ka kusa riƙe naka gaba ɗaya, sai ka huta da ni."

"Bakinki dai ba ya ciwon gwiwa."

Da safen nan ta leƙa 'yar tagar kyamarar da ke nuna abin da ya rage a fim. Saura ɗaya. Garin ba mai sayar da fim, sai direban bas ya sayo daga birnin Setúbal.

"Ka cinye mini shi a taɓo," ta ce. "Da gangan ka yi."

Bai musa ba. Ta kafa ƙafafun kyamarar a gabansa, ta fizge hular da kanta, ta shafa masa ɗan gashin da ya rage da yawu. Ta duƙa ta sa ido. Sai ga shi a cikin gilashin, ƙanƙani, wuyan rigar ya yi masa yawa. Rana ta ɗan leƙo ta bayanta, ta zuba masa ja-ja a fuska, har ramukan kumatunsa suka cike. Ko ita da ba ta san kan abin ba ta gane cewa hasken ya yi.

"Kada ka motsa."

"Juya," ya ce.

"Me?"

"Juya ki ga bayanki."

Ta waiwaya a fusace. Taɓon nan baƙi da ta tsana ya koma kamar an malala masa narkakken tagulla. Kowane ɗan kwararon ruwa yana walƙiya, hazo ya tsaya iya gwiwa, sandunan gada sun miƙa inuwa har tsakiyar kogi, ga zalɓe ɗaya tsaye a kan ƙafa guda.

"Na gani. Yana da kyau. Ɗago haɓarka."

"Tun ina saurayi nake bin wannan, sau biyu kawai na gan shi, duk ba fim a hannuna." Ya ɗago hannuwansa daga kan bargo, suna karkarwa, ya mayar. "Yanzu zai wuce. Don Allah, maƙwabciya."

Bango ɗaya ya raba su tun tana amarya. Ya aske mijinta, ya ari tsaninta bai mayar ba, ya zagi kajinta, amma ba ta taɓa jin ya ce don Allah ba. Takaici ya sa idonta ya kawo ruwa. Ta ciccibi kyamarar haɗe da ƙafafunta ta juya ta.

"Ƙasa kaɗan. Bar sama, ba abin da ke cikinta. Zalɓen yana gefen dama?"

"Yana nan, uban taurin kai irinka."

"Riƙe numfashi."

Ta riƙe, ta danna. Kafin ta miƙe, hasken ya fara dushewa, taɓo ya koma taɓo.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Belmiro," ta ce tana mayar masa da hular. Shi kuwa idonsa a rufe, yana murmushi kamar wanda ya ci caca.

Ta ba direban bas saƙon fim a ranar. Kafin ya kawo, ta shiga da miyar kabeji ta tarar da tsohon ya cika a kujerarsa ta bakin taga.

'Yarsa Odete ta zo daga ƙasar Luxembourg, ta yi kuka, ta ce a yanko na katin shaidar, da hatimin da komai. Custódio mai sassaƙar dutse ya juya hoton ƙarshen nan da Ermelinda ta miƙa masa, ya sake juyawa.

"Uwargida Ermelinda, wannan ai kogi ne. Mutane za su ce mun haukace."

"Su ce. Wahalar da na sha a kansa ba su suka sha ba. Ka sa shi."

Ranar tunawa da matattu, maƙabarta ta cika da mata da bokitai da furanni. Biyu daga cikinsu suka tsaya a bayan Ermelinda suna raɗa, ɗaya ta ce ita har ta fara manta kamannin mai askin. Maganar ta soki Ermelinda, don ita ma daren jiya sai da ta yi ta laluben fuskarsa a ranta, ba ta samo komai ba sai kunnuwa da wuyan riga. Ba ta waiwaya ba. Ta goge fuskar Fausta, ta matse tsumman.

"Ka ga abin da ka ja mana," ta ce wa Belmiro ƙasa-ƙasa.

Ta durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ta naɗe tsumman a ɗan yatsa, ta shiga goge ƙurar da ta kwanta a kan zalɓen da ke gurbin dama a hankali.