Farar Rigar Mama Hephzibah

"Ba wannan akwatin ba, Malama. Na ƙasan, mai kwaɗo."

Malama Janet ta durƙusa da ƙyar ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Mama Hephzibah na zaune a kan gadon, jingine da matasai uku, domin wata biyu ke nan ba ta iya kwanciya a miƙe ba tare da tari ya taso mata ba. Janet ta ɗaga zanen zumuntar matan coci, ta ɗaga wani tsohon littafin waƙoƙi, sai ga abin da ake nema: farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, a ninke cikin leda.

"Yaya, me za ki yi da wannan yanzu?"

"Baƙi zan yi."

Shekara talatin da huɗu ke nan katanga ɗaya ce ta raba su a Samaru. Damina ɗaya aka kawo su amare, lokacin da bayan layinsu gonakin dawa ne, ba ɗakunan ɗalibai ba. Janet na koyarwa a firamare, Hephzibah kuma matar Abarshi ce, lebura a gonar gwaji. Da yamma sukan zauna gindin mangwaron da ke tsakanin gidajen, Janet na duba littattafan 'yan aji, Hephzibah na zuba musu zoɓo mai citta da kanumfari. Mangwaron nan an sare shi tuni, an gina shagon cajin waya a wurin.

Da Abarshi ya rasu, Hephzibah ta kama aiki a wani sito a Sabon Gari, inda mata ke tsince busasshen zoɓo ana kai shi ƙasashen waje. Su kusan sittin ne, zaune a ƙasa, suna fid da tsakuwa da itace, suna bakace cikin jar ƙura. Ƙarfe bakwai na safe ake garƙame ƙofa ta waje, wai don kada a saci kaya, kuma ba a buɗewa sai mota ta cika. Mai ciwon ciki da mai goyo duk hukuncinsu ɗaya.

Sau ɗaya a shekara masu sayen kayan sukan turo mai dubawa. Matan na kiranta ranar baƙi. A ranar ƙofa a buɗe take wuni, a yayyafa ruwa, a kunna fanka, a raba wa kowa farar riga da takunkumi. Baƙi na tafiya a karɓe. Hephzibah kaɗai aka bar wa tata, domin ita ake sawa gaba ta yi jawabi, tunda ta ɗan taɓa makaranta. Janet ba ta manta ba, ita da kanta ta gyara mata Turancin jawabin a gindin mangwaro, tana maimaita mata kamar 'yar aji uku: muna hutawa da rana, ƙofa a buɗe take, kullum muna sa riga da takunkumi. Suna yi suna dariya. A lokacin Janet ta ɗauka taimako take yi.

Bibiana, 'yar ƙanwar Hephzibah mai jinyarta, ta shigo da kunu. Ita ma a siton take aiki. Tana ganin ledar ta ajiye kofin.

"Mama, don Allah. In kika yi magana mu za a kora. Ke kin gama naki."

"Na gama nawa, gaskiyarki. Ke fa, tun Ista kike tari. Kina shiga banɗaki ki rufe baki da zane, kin ɗauka kunnena ma ya mutu?"

Bibiana ta sunkuyar da kai ta fita.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mota ta tsaya a bakin layi. Oga Felix, manajan siton, ya shigo da burodi da gwangwanin madara, fuskarsa cike da fara'a. A bayansa akwai wata mace mai tabarau da jakar takardu. Winifred ce, mai dubawa, 'yar Kafanchan da ke aiki a Legas. Shekara uku ke nan ita ake turowa, kuma da ta je sito ba ta ga Mama ba sai ta ce lallai a kai ta gida ta gaishe ta.

"Mama ta kanmu, yaya jikin?" in ji Felix. "Ai kin ji sauƙi, ga fuskarki nan. Malama, taimaka a sa mata rigar a ɗan ɗauki hoto, kada mu gajiyar da ita."

Hephzibah ba ta dube shi ba. Ta miƙa wa Winifred ledar.

"'Yata, buɗe. Shekara nawa na ce miki ina sa ta kullum?"

"Sha ɗaya, Mama."

"To nemo mini ja a jikinta. Ko ɗigo."

Winifred ta warware rigar. Ta juya wuya, ta duba bakin hannu, ta leƙa aljihu. Fara ce fat, har layin ninkin shago bai ɓace ba. Hephzibah ta ɗora hannuwanta biyu a kai. Ja ne har ƙarƙashin farce, har cikin kowace tsaga ta tafin, jan da wata biyu na zaman gida bai fitar ba.

Felix ya yi dariya. "Ai Mama akwai tsafta. Sabulu take..."

"Felix," in ji Hephzibah, "na san uwarka. Yi shiru."

Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai tari ya sarƙe ta. Ya daɗe bai sake ta ba. Janet ta riƙe mata kafaɗa tana shafa mata baya, tana jin ƙasusuwan a tafinta. Da ya lafa, muryar ta tafi, saura raɗa. Ta kamo gefen zanen Janet.

"Malama, ke kika koya mini jawabin farkon. Ƙarasa wannan."

Janet ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya. Shekara talatin tana hana yara ƙarya, ga kuma ƙaryar da ta gyara wa nahawu da hannunta. Ta miƙe tsaye, ta haɗa hannuwa a gaba kamar yadda take yi a aji, ta faɗi komai daki-daki: kwaɗon da ke ƙofa, ƙurar, rigunan da ake karɓewa, da ranar da wata mai ciki ta suma aka yi ta bugun ƙofa har la'asar. Ta faɗi nata laifin ma, ba ta rage ba.

Winifred ta cire tabarau ta goge. "Oga Felix, jira ni a mota."

Bayan ya fita, Bibiana ta daɗe tsaye a bakin labule. Can ta shigo ta zauna a kan tabarma, ta dubi Winifred.

"Anti, kada ki sa sunana."

"Ba zan sa ba."

Sai Bibiana ta fara magana. Hephzibah ta lumshe ido tana saurare. Da Winifred za ta tafi, ta nemi izinin tafiya da rigar.

"Ɗauki," in ji Hephzibah. "Dama ba tawa ba ce."

Ranar Asabar da safe Hephzibah ta cika, ana sharar tsakar gida, ɗalibai na layin ɗiban ruwa a famfo. Janet da matan zumunta biyu suka yi mata wanka. Sun cuɗa hannuwan da sabulu har sau uku, daga baya Janet ta ce a bar su haka. Aka ɗaura mata zanen zumunta.

Bayan mako biyu Bibiana ta leƙo da wata 'yar leda. Ta ce an cire kwaɗon ƙofar siton, an fasa tagogi biyu, an raba takunkumi ba a karɓe ba. Felix ba ya amsa gaisuwarta, kuma babu wanda ya san ko abin zai kai baɗi.

"Wannan a kwandon Mama na gani. Na ce ke ya dace."

Zoɓo ne, bai fi cikin tafi biyu ba. Janet ta jiƙa shi da citta da kanumfari, ta matse da hannu yadda ta saba gani. Ta fito da kujerarta bakin ƙofa, daidai inda inuwar mangwaro take faɗowa a da. Yatsunta sun yi ja. Ta ɗora su a kan cinya, ta bar su su bushe.