Muƙamin da Otal Ya Ba Ciyaman

Ranar buɗe sabon otal ɗin da aka gina a tsakiyar gari, mai ɗinki ba ta yi niyyar zuwa ba. Ƙanenta, wanda kowa ke kira Ciyaman, shi ya matsa mata.

"Yaya, ki zo ki ga inda Allah ya kai ni."

Ta san hanyar da ya bi. A da shi ne shugaban masu shagunan layin, har da nata shagon. Da aka ce za a rushe layin a gina otal, ya hau tebur da lasifika ya rantse sai dai buldoza ta bi ta kansa. Sau ɗaya masu ginin suka kira shi cin abinci, ya dawo bakinsa cike da "sabunta gari" da "ci gaba". Buldoza ta zo ta kwashe shaguna, shi yana inuwa sanye da hular kwanon injiniyoyi. Kekenta na ɗinki ya koma zauren gida, kusa da buhun gawayi.

Ta je. An shimfiɗa tayil mai santsi, an jera itatuwan roba cikin tukwane. Inda shagon mai gyaran rediyo yake, an kafa famfo mai feshi sama, a garin da famfon gida ke yin mako bai ɗiga ba.

Ciyaman na bakin ƙofa cikin jar kwat mai maɓallai ruwan zinariya, hannun rigar ya rufe masa yatsu.

"Jami'in tarbar baƙi," ya ce mata yana buga ƙirji.

Sai ga motar mai otal. Ciyaman ya ruga, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu. Mutumin ko kallonsa bai yi ba, ya ɗora masa makullin motar a tafin hannu.

"Kai ta inuwa."

Ciyaman ko keke bai iya ba. Ya tsaya yana washe baki har direba ya zo ya karɓe. Ya juyo wurinta.

"Kin gani, Yaya? Ba kowa yake ba makullinsa ba."

"Na gani."

Ta nufi ciki, mai gadi ya tare ta, wai kujeru na manyan baƙi ne. Ta dubi ƙanenta. Ya duƙufa yana goge takalmi da bayan wando.

Ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida. Da yamma ya aiko mata da yankan kek naɗe cikin tishu. Ta gutsuttsura wa kajin maƙwabta.