Tambaya Daga Kujerar Baya

Wata huɗu ke nan ina yi wa Tsvetana Ruseva tafinta a ofishinmu na Tokiyo, in har ɗaki ɗaya da butar shayi sun isa a kira su ofis. Ita ce wakiliyar wani kamfanin dillancin labarai na Bulgeriya. Shekararta goma sha tara a nan, amma Japanancinta bai wuce na cinikin kifi ba. Ni kuwa, Kasumi Tobe, na koyi harshen 'yan Bulgeriya ne don littattafansu, ba don in tsaya gaban mutane ba.

Ranar Talata wani jirgin dakon kaya ya nitse kusa da tsibirin Hokkaido, cikin waɗanda suka ɓace har da 'yan Bulgeriya uku. Matar ɗayansu ta kira mu daga garin Varna na can ƙasarsu sau shida, tambayarta ɗaya: ana nemansu, ko an daina? Kamfanin jirgin ya ƙi ɗaukar wayarmu.

Ranar Juma'a shugaban kamfanin jirgin ya zo yin bayani a ɗakin ƙungiyar 'yan jarida da ke ma'aikatar sufuri. Ƙa'idar ɗakin sananniya ce. 'Yan ƙungiya, wato manyan jaridun gida da gidajen talabijin, su ke zama gaba, su ke tambaya. Baƙi sai katin 'yan kallo, a zauna baya a kame baki. Shi ma katin, sai da Tsvetana ta shekara shida tana kai takarda kafin a ba ta.

Kuwahara, mai riƙon ƙungiyar na wannan watan, ya tare mu a ƙofa.

"Ruseva-san, an zo kallo?" ya ce da murmushi. "Yau dai ban da ɗaga hannu. Wancan karon na zaci tasi kike tsayarwa."

Na fassara mata ina kallon takalmina.

"Ce masa ita tasi tana tsayawa," in ji ta.

Na ce masa ta gode.

Shugaban da mataimakansa biyu suka rusuna, kyamarori suka yi ta ƙyasƙyas. Aka yi tambaya kan man da ya malale, aka yi kan kyaftin, wanda ɗan Japan ne. Tsvetana ta ɗaga hannu. Kuwahara ya dube ta kamar yana duban bango. Da hannun ya gaji ta sauke, ta raɗa mini: "Bar su, 'yata. In suka karɓe katin nan, ba ni da wata shekara shida."

Amma ni na ɗauki wayar matar nan. Ni na ce mata za mu tambaya, da harshenta, sau shida.

"Mun gode, an tashi," in ji Kuwahara.

Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, 'yan Bulgeriyan nan uku, Plamen Gochev, Ivaylo Dechev da Rumen Kolev. Ana nemansu, ko an daina?"

"Ke ta baya, zauna!" Kuwahara ya daka mini tsawa. "'Yan kallo ba sa tambaya."

"Na sani, Kuwahara-san. A gafarce ni."

Na rusuna har gashina ya rufe mini fuska, na ɗago, na maimaita tambayar, suna bayan suna. Ba a riga an kashe kyamarorin ba. Shugaban ya dubi na damansa, na daman ya dubi takarda.

"An dakatar da nema jiya da tsakar rana," in ji shugaban.

"An gaya wa iyalansu?"

"Muna... shirin hakan."

A baranda 'yan ƙungiya suka yi da'ira suna gwada rubutunsu, kamar kullum, don kalaman kowa su zo ɗaya. Kuwahara ya fito daga cikinsu ya miƙo hannu.

"Wannan tambayar ba ta cikin taro. Ba a yi ta ba. Katin, don Allah."

Tsvetana ta cire shi daga wuyanta ta ba shi. Da muka kai tashar jirgin ƙasa ta juyo gare ni.

"Kin san abin da kika ja mini?"

"Na sani, Ruseva-san."

"Kin yi da-na-sani?"

Na ce, "A'a."

Ta miƙo mini wayarta.

"Kira Varna kafin mu rubuta komai, kada ta ji a rediyo. Litinin kuma mu dawo mu jira shugaban nan a bakin titi. Titi dai ba na ƙungiyarsu ba ne."