Tafin da ke Ƙarshen Faifan Clive

"Kar ki kuskura, Noreen! Ajiye wuƙar nan."

Noreen ta tsaya da wuƙar yanka burodi a hannu, faifan garmaho a ɗaya hannun. Ta harari maƙwabcin nata da ke kishingiɗe a kujera, bargo har wuya.

"Leda ce fa kawai, Clive."

"Leda a wajenki. Faifan da aka ɓare ya zama na kowa da kowa. Tambayi duk mai tarawa."

"To sai ka ci shi da miya," in ji ta, ta jingine shi a kan talabijin.

Clive Bagnall shi ne mai gangar Tokar Maƙera, ƙungiyar kiɗan ƙarfe, wato kiɗan Turawa mai tsananin ƙara, da ta kurmantar da rabin samarin garin Dudley a zamaninta. Bara tsofaffin suka sake haɗuwa, furfura har kafaɗa, suka yi wasa don tallafa wa gidan jinyar masu ciwon ajali. Wasan ne aka buga a jan faifai, kwafi kaɗan, aka aiko masa da nasa. Kafin ya iso, ciwo ya cinye ƙafafun Clive. Ga shi a ƙololuwar bene, lif, na'urar hawa benen, ya mutu tun farkon sanyi, masu gyara kullum sai gobe. Duniyarsa ta dawo kujera da taga da Noreen, wadda ke turo ƙofa da shayi da baƙar magana.

Ita dai ta san zancen leda ƙarya ce. Tana wurin a ranar wasan, da auduga a kunne. A tsakiyar waƙar ƙarshe ta ga hannunsa na hagu ya ɗauki rawa, sandar kiɗa ta suɓuce, ganga ta yi shiru na ɗan lokaci. Tun daga nan bai sake taɓa sanda ba. Tsoro yake ji ya saurari inda jikinsa ya fara cin amanarsa. Ita kuma tsoronta kar ya bar duniya bai ji wasansa na ƙarshe ba, don nas ta ja ta gefe a kan matakala ta ce a fara shiri.

Ran Laraba da hantsi, ana yayyafi, ta same shi bai taɓa kunun hatsinsa ba. Idonsa na kan jan faifan.

"Gary ya bugo," ya ce. Gary shi ne mawaƙinsu. "Wai zai zo in an gyara lif. Wai ciwon gwiwa, kin ji. Mutumin da ke tsalle daga kan lasifika."

"Dukkanku kun zama kayan gwangwan."

Ya yi dariya, ta koma tari. Da ya lafa sai ya ce, "Ina wuƙar taki?"

Ta yi maza ta ɗauko ta, don kar ya fasa. Ta tsaga ledar, ta ɗora faifan yadda ya nuna mata, yana ta mita. "Ta gefe ake riƙewa, baiwar Allah! Ba faranti ba ne." Allurar garmaho ta sauka. Jita ta yi kururuwa, kofuna suka hau rawa a kan tebur, maƙwabtan ƙasa suka fara bugun silin da tsintsiya.

Da aka zo waƙar ƙarshe ya damƙe hannun kujera. Ganga na gudu, na gudu, sai ɗif. Amma a cikin shirun nan sai ga wani abu da Noreen ba ta ji ba a ranar saboda auduga: jama'a sun ɗauki kiɗan da tafi da ƙafa, suka riƙe masa shi har ya lalubo wata sanda.

"Ba su goge kuskuren ba," ya ce a hankali. "'Yan banza, ba su goge ba." Hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba.

Waƙa ta ƙare, tafi ya ɓarke. Ya yi ta yi, ya ƙi tsayawa.

"Ya lalace ne?"

"Haka aka yanka shi. Layin ƙarshe zobe ne, allura ba ta da mafita. Sai an ɗaga ta."

Ta miƙa hannu.

"Bar su," ya ce. "Je ki karɓo min maganina, kin ji, 'yar uwa."

Ta sauka, ta bi layi a kantin magani, ta hawo tana hutawa a kowane hawa tana tsine wa masu gyaran lif. Tun daga baranda take jin tafin.

"Kai, ba ka gaji da yabon kai ba?" ta faɗa tana turo ƙofa.

Kansa ya karkata wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe, hannun hagun yana kwance a kan bargo, ya daina rawa. Ta taɓa wuyansa, ta daɗe a haka, ba ta ji bugun jini ba. Sannan ta ajiye ledar maganin, ta zauna a hannun kujerar da jiƙaƙƙen kwat ɗinta. Jan faifan yana ta juyawa, mutanen ciki suna ta tafawa.