Gilashi Na Sha Biyu

Yayanta ne ya laƙaba mata Uwar Kaska, tun shekarar da ta dawo daga karatu ta ce aikinta binciken cututtukan da kaska ke sa wa mutum. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce 'ya'yan wasu sun dawo likitocin zuciya, tasu ta dawo da ilimin abin da ake cire wa kare a kunne.

Shekara ashirin da shida ke nan. Yanzu ya rasu, bayan kwana tara yana zazzaɓi, ita kuma tana wata ƙasa wajen taro. A asibiti maganin zazzaɓin cizon sauro aka yi ta ɗura masa. Abu ɗaya take son ta sani: ko cutar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kanta ce ta kashe shi.

Da ta dawo, ta karɓo gilashin da aka shafa jininsa a kai, ta kai ɗakin gwajinta. Ba ta ɗora shi a na'urar duba jini ba. Dokar ɗakin ce, ita ce ma ta kafa ta, cewa mai dubawa ba ya sanin jinin waye a gabansa, don ido yakan ga abin da zuciya ke so. Ta miƙa wa tsohon ma'aikacinta, ta ce ya cakuɗa shi cikin wasu goma sha tara, ya sa lamba, ya rufe littafin.

"Likita, wannan karon ki bar ni in duba miki."

"Malam, idonka ya fi nawa ne? Jiya ka nemi tabaranka yana kan hancinka."

Ya cakuɗa. Ta zauna tun hantsi, ta bi gilasan ɗaya bayan ɗaya, kowanne minti goma, ba ta rage wa ko ɗaya ba. A na sha biyu ta ga alamar cutar: ɗan curi mai duhu a cikin farar ƙwayar jini, can wani, can kuma wani. Ta rubuta, ta wuce na sha uku, ta ci gaba har na ashirin. Sannan ta ce a buɗe littafin.

Malam ya daɗe yana bin layin da yatsa. Ya juyo mata da shafin: a lamba ta sha biyu, sunan yayanta ne.

Maganin cutar ƙwaya ce da ake samu a kowane kantin magani. Da an fara ta a kwana na uku, da wuya ya kwanta asibiti ma.

Da yamma ta je wajen matar yayan. Ta same ta tana ninke rigunansa a kan gado. Ta tambaye ta ko ya shiga ciyawa kafin ciwon. Matar ta ce ya shiga, ya share bayan gida, har abu ya maƙale masa a bayan gwiwa. Ta buɗe durowa ta ɗauko ƙaramar kwalba. Kaska ce a ciki, cikin ruwan sifirit, da takarda manne da kwanan wata, da rubutunsa.

"Da hantsaki ya cire ta, bai matse cikinta ba, yadda kika koya mana. Ya ce a ajiye miki tsaraba, kada a faɗa miki sai kin dawo."

"Anti, kun gaya wa likitocin?"

"Me za a gaya musu?"

Ta juya kwalbar. Haruffan a tsaye, kwanan watan daidai. Yadda ake cirewa ta koya musu, da yadda ake adanawa, da inda ake rubutu. Ba ta taɓa ce musu in zazzaɓi ya biyo baya a ruga asibiti da kwalbar ba.

"Ta yi miki amfani kuwa?" in ji matar. "Ya yi ta damuwa kada ta lalace."

"Ba ta lalace ba," ta ce.