Hannun da Ya Dawo

Shekara shida ke nan da injin yanka katako ya cinye wa Kafinta yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Tun daga nan abokan sana'a suke ce masa Takwas, har ya saba yana amsawa. Yatsun kam ya daɗe da haƙura da su. Abin da ya tsaya masa a rai, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne a ranar matarsa ba ta zubar masa da hawaye ko ɗigo ɗaya ba.

Nas ce a sashen da ake kai waɗanda suka yi haɗari, kowa a layinsu Sista yake ce mata. Da aka kira ta shagon, wanda bai fi taku ɗari daga gida ba, da fuskar aiki ta zo. Ta ɗaure hannun tam, ta ce ya ɗaga shi sama da kansa, ta tura shi mota tare da ƙanensa Auta, ta ce su yi gaba tana nan tafe. Ko motar ba ta shiga ba. Daga baya ya nema mata uzuri da kansa: mutumin da kullum jini yake gani, ai hawayensa sun daɗe da ƙafewa. Da wannan uzurin ya rayu shekara shida lafiya lau.

Sai ga littattafan Japan.

Auta ne ya kawo su gidan. Mai gyaran waya ne, ya haura talatin, ba aure ba niyyarsa, ɗakinsa cike da littattafan zane har kan gado. Ba irin zanen da ake ba yara su yi shiru ba ne. Baƙi da fari ne, kowanne da kaurinsa, a bango an buga jan tambari cewa na manya ne kaɗai. Kafinta ya taɓa leƙawa sau ɗaya ta kan kafaɗar Auta, ya ga kan mutum ya yi sama gangar jikin tana tsaye, wani kuma yana tattare hanjinsa da hannu biyu. Ya ture kofin shayinsa gefe. Shi da ya taɓa ganin ƙashin hannunsa da idonsa, sai ga shi tawada ta hana shi shan shayi.

Sista kuwa da dariya ta fara. Ta ce mai zanen nan bai taɓa shiga asibiti ba, jinin da ya zana ya fi na mutum uku, wannan jijiyar ma ba a nan take ba. Ta karɓi na farko don ta ƙirga kurakurai, kafin wata ya ƙare tana na biyar. Saboda 'ya'yansu mata biyu, ta naɗe kowane bango da takarda mai ruwan ƙasa, ta jera su can saman kabad ɗin da shi Kafinta ya ƙera mata. Inda duk aka zana mutum ba sutura, sai ta yanki filasta ta manne wurin, tsaf kamar tana rufe ciwo. Auta ya yi ta ƙorafi wai matar Yaya ta mayar masa da littattafai majinyata.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Auta ya saka ta cikin rukunin masu karatun a waya, wayar ta koma ba ta hutawa. Kafinta yana jin muryoyinsu ko bai so ba. Wata ta ce tun da ta karanta na shida ta kasa cin nama. Wani malamin makaranta ya yi dogon jawabi cewa wannan ba labari ba ne, mahauta ce, ya fice, bayan kwana uku ya dawo yana tambayar wa ke da na bakwai. Akwai mai cewa in ba jinin ai ba daɗi, akwai mai cewa a kai mai zanen a duba masa kai. Duk lokacin da gardama ta yi zafi sai a ce a jira Sista, ita ta san yadda mutum yake mutuwa da gaske.

Auta ya koma kullum a gidan yake cin abincin rana. Shi da Sista suna ta maganar wani Mai Takobi na cikin littattafan kamar ɗan uwansu ne da ya yi tafiya, ya ci amanar wane, wane ya ci tasa. In Kafinta ya kawo zancen kujerun da aka ba shi aikinsu, sai a ce masa “to, madalla,” a koma wurin Mai Takobi. Rannan ya ga saƙon muryar da ta aika wa Auta, minti goma sha ɗaya cur. Ya duba wanda ta aiko masa a ranar, daƙiƙa huɗu, ya taho da burodi. Ba zargin komai yake yi ba, ya san matarsa ya san ƙanensa. Kishi ne kawai, tsagwaronsa, irin wanda mutum yake jin kunyar faɗa ko da a zuci.

Wata Laraba da hantsi ya dawo gida ɗaukar tef ɗin awo da ya manta. Sista ba ta da aiki ranar. Ya same ta a falo, ƙafa a naɗe, littafi na tara a cinya, tana kuka. Ba ƙwalla ba, kuka sosai, kafaɗunta har rawa suke yi. Da ta gan shi ta yi maza ta share fuska ta ce mura ce. Amma ya riga ya ga shafin: namiji kwance cikin taɓo, hannunsa ɗaya ba ya jikinsa.

Ya ɗauki tef ɗinsa ya koma shago. Ranar sau biyu yana yanka katako ba daidai ba. Ashe hawayen suna nan, ba su ƙafe ba, ajiye su aka yi wa wani ƙato na takarda mai gashi kamar tsintsiya. Uzurin da ya riƙe shekara shida ya wargaje a hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ci alwashin sai ya ga abin da mutumin nan ya fi shi da shi.

Washegari, bayan ta tafi aiki, ya taka kujera ya sauko da na taran, ya cusa a aljihun rigar aiki. A shago ya ja ƙofa, ya kaɗe garin katako daga benci, ya zauna ya buɗe littafin yadda duk mai hankali yake buɗe littafi. Shafin farko wasu kibiyoyi ne da manyan haruffa, ya ɗauka talla ce ya wuce. Turancinsa na awo ne da sunayen fenti, saboda haka ya rabu da rubutun ya bi hotuna.

Labarin ya fara da Mai Takobi kwance, hannu ɗaya, wata mace zaune gefensa fuskarta kamar dutse. Sai macen ta tashi, rungume da guntulallen hannu a cikin tsumma, ta nufi wani fili cike da gawarwaki, ta durƙusa ta sa hannun cikin taɓo. Daga nan abin mamaki ya fara. Hannun ya yi tsalle ya koma kafaɗar mai shi. Matattu suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kawuna suna komawa wuyansu. Ya wuce shafuka biyu masu filasta bai ɓanɓare ba, ko da yake ya ɗan taɓa gefen ɗaya da farce. A shafin ƙarshe ga Mai Takobi da macen a bakin rafi suna dariya, yana jifa da dutse da wannan hannun da aka yanke.

Kafinta ya rufe littafin ransa ya ƙara ɓaci. Wato shi wannan har hannunsa ya dawo, amma aka yi masa kuka kamar an yi mutuwa.

Ya mayar da littafin saman kabad kafin ta dawo, ya yi kwana biyu yana dakon maganar. Ranar Asabar yaran suna gidan kakarsu, su uku suna cin abinci, Auta ya fara ba da labarin yadda na tara ya hargitsa rukuni, mutum huɗu sun ce sun daina karantawa, wata ta ce ta yi jifa da littafin. Kafinta ya ajiye cokali, ya gyara zama irin na wanda ya san abin da yake faɗa.

“Ni abin da ban gane ba,” ya ce, “mene ne na kuka a ciki? Ai hannun ya dawo.”

Auta ya tsaya da loma a hanya. “Wane hannu, Yaya?”

“Na Mai Takobin naku. Matar ta kai masa, ya koma jikinsa, har suka je rafi suna wasa. Na karanta tun daga farko har ƙarshe.”

Auta ya dube shi, ya dubi Sista, sannan abin ya faɗo masa. Ya fashe da dariya har ya ƙware, ya sauka daga kujera yana riƙe ciki. Da ƙyar ya iya bayani, yana yi yana tari: littattafan Japan daga dama ake buɗe su, abin da Yaya ya ɗauka farko shi ne ƙarshe, shafin kibiyoyin nan gargaɗi ne cewa ka juya, ba ta nan ba ne. Rafin ne farko. Hannun ba ya dawowa. Ya laluɓo waya yana cewa wallahi sai 'yan rukuni sun ji wannan, Yaya ya tayar da matattu.

Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunyar ce ta kwance masa baki, abin da ya ɓoye shekara shida ya fito ba shiri. Ya ɗora hannun hagun a kan tebur, yatsu uku a baje, ya ce to ya dawo ko bai dawo ba, nasa dai ba su dawo ba, kuma bai ga wanda ya yi musu kuka ba.

Dariyar Auta ta ɗauke. Sista ba ta yi dariya ba tun farko. Ta miƙa hannu ta karɓe wayar daga hannun Auta, ta kife ta a tebur, ta ce masa ya ɗauki farantinsa ya je ya ƙarasa a waje, in kuma maganar nan ta shiga rukuni, shi da littattafansa kada su sake taka mata gida. Auta ya fita sumui-sumui.

Ta taka kujera ta sauko da littafin, ta dawo ta zauna kusa da mijinta. Ta buɗe daidai inda macen take durƙushe cikin gawarwaki, hannuwanta biyu cikin taɓo har gwiwar hannu.

“Baban yara, ni ba shi nake yi wa kuka ba. Ita ce. Ba ajiye hannun take yi ba, nemansa take yi.”

Sannan ta faɗa masa abin da bai taɓa tambaya ba, dalilin da ya sa ba ta shiga motar ba. Komawa ta yi cikin shagon ta durƙusa ƙarƙashin injin, tana tone garin katako da hannu. Ɗaya ta same shi nan da nan. Ɗayan ya faɗa bayan tarin falanki, sai da ta janye su ɗaya-ɗaya ita kaɗai. Ta wanke su, ta naɗe, ta sa a leda cikin ƙanƙara, ta bi su asibiti. Likita ya duba ya ce sun dagargaje, ba za su ɗinku ba, ko da an kawo da wuri. Ta san gaskiya ya faɗa, aikinta ne. Duk da haka shekara shida tana lissafa mintocin da ta ɓata a bayan falankin nan.

“Da na fara kuka a ranar, wa zai ɗaure maka hannu? Da aka sallame ka kuma ka dawo kana ta barkwanci, kana amsa Takwas. Sai na ga kamar ni kaɗai abin ya dama.”

Kafinta ya sunkuya kan shafin. Ya kalli macen da ke cikin zanen, fuskar nan tata kamar dutse, wadda da ya fara gani ya ce a ransa wannan ba ta da imani. Kishin bai tafi duka ba, don har a lokacin yana jin haushin cewa wani mai zane a can wata duniya ya san wannan abu game da matarsa, shi da yake kwana ɗaki ɗaya da ita bai sani ba.

Sista ta rufe littafin, ta juya shi, ta tura masa ta ɓangaren kibiyoyin.

“Buɗe min yadda ka karanta.”

Ya ce ai ba daidai ba ne, Auta ya faɗa. Ta ce ta sani, ita dai ya buɗe.

Ya fara juya shafukan da yatsunsa uku. Macen ta tashi da tsummanta, ta je filin, ta durƙusa. Da suka zo inda hannun ya tashi daga taɓo ya koma kafaɗa, Sista ta dafe shafin ta hana shi wucewa. Ta kama hannunsa na hagu, ta sa babban yatsanta daidai inda biyun suka guntule, ta yi kukan da ya jira shekara shida, har takardar ta jiƙe.

Auta ya leƙo ta taga yana tambaya ko zai iya shigowa ya ƙara abinci. Kafinta ko juyowa bai yi ba, ya ce masa ba yanzu ba, karatu suke yi.