Rim Ɗin Kuya Santi

Shekara goma sha shida yayana Crisanto ya yi yana aikin jirgin ruwa, yana gyaran injinan da suka fi gidanmu girma. Da ya dawo Manila gaba ɗaya, ko wata biyu bai cika ba ya sayi mota. Ba irin wadda mutum mai shekara hamsin da ciwon baya ke saya ba. Ja ce, ƴar Japan, ta hannu, ƙofa biyu kujera biyu, ga ta manne da ƙasa kamar kunkuru. In zai shiga sai ya dafa rufin ya durƙusa tukuna.

Ni ce ke riƙe da shagon taya da Tatay, mahaifinmu, ya bari a titin Banawe. Tun ina sakandare nake cikin warin roba, kuma in ka tsaya da mota a ƙofata, kafin ka kashe inji na san tayar da za ta yi mata.

Wata Talata da hantsi yayan nawa, da muke kira Kuya Santi, wato Yaya Santi, ya iso, ya yi ta taka totur a bakin shago har maƙwabta suka leƙo. Ya fito yana dafe da ƙugu, ya miƙo mini waya.

"Ning, duba nan. Irin waɗannan nake so."

Hoton wata mota ce irin tasa a wajen baje koli. Rim, wato ƙarafan da taya ke zama a kansu, sun cika mata ƙafa, tayar kuwa siririya kamar da biro aka zana ta.

Na ce, "Inci nawa ne wannan, Kuya?"

"Sha tara. Na baya faɗinsu goma da rabi."

"Ba za su yi maka ba."

"Ga shi sun yi wa wani."

"Ta wanin nan a tirela ake kai ta, a sauke a ɗauki hoto a mayar. Kai kuma a Quezon City kake. Ka taɓa ƙirga ramukan da ke tsakanin gidanka da nan?"

Na ja shi gindin motar na nuna masa. Da inci goma sha shida ta fito daga kamfani, kuma gurbin da taya ke zama a ciki ba ya ƙaruwa don mai mota ya so. Duk incin da ka ƙara wa ƙarfe, daga roba ka zare shi, robar nan kuwa ita ke shanye duka in ka faɗa rami. Na ce ya sa sha bakwai. Za ta yi kyau, za ta kama kwana, kuma bayansa zai huta.

Mang Delfin, dattijon da ke ɗaura taya a shagon tun zamanin Tatay, ya ɗago daga inda yake ya ce, "Sha bakwai, Santi. Ji maganar ƙanwarka."

Kuya ya yi dariya. "Mang Delfin, ƴan ƙungiyarmu ta masu irin motar nan ba mai ƙasa da sha tara. So kuke in je taron Lahadi su ce na zo da ƙafar keken ɗinki? Ke Ning ba laifinki ba ne, kin saba da ƴan tasi."

Wannan ta ƙona mini rai, amma na haɗiye. Na ce ban da irinsu, kuma ba zan nemo ba.

Bayan sati biyu sai ga shi da kwali huɗu a bayan motar haya. Ya yi odarsu da kansa ta waya. Ruwan zinare ne, suna ƙyalli har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Ya tsaya yana shafa ɗaya kamar jariri.

"To, ga su sun zo. Ɗaurawa kawai za ku yi."

"Ka auna kafin ka saya?"

"Me zan auna? Ramin noti biyar ne, nan ma biyar ne."

Na ce wa Mang Delfin ya ɗaga motar mu gwada rim ɗin zalla, ba taya, don mai shi ya gani da idonsa. Na gaba ya shiga, aka ɗaure noti biyu, Mang Delfin ya juya shi da hannu. Ƙiii! Ya tsaya cak, ya ciji birki. Na baya kuwa ya shiga lafiya, amma ya leƙo waje da yatsa biyu, ya wuce bakin fenda, wato ƙarfen jikin mota da ke rufe saman taya.

Na ce, "Ka gani? Rim ba inci kaɗai ba ne. Akwai inda cibiyarsa ta zauna, wani tana jan shi ciki, wani tana tura shi waje. Waɗannan na wata motar ne daban. Mayar musu tun kwalin bai yage ba."

"Ba sa karɓa."

"To sayar wa ƴan ƙungiyar taku."

Bai ma ji ni ba, yana ta latsa waya yana tambayarsu. Can ya ɗago da murna. Wai a sa zoben ƙarfe tsakanin rim da birki, na gaba zai matso waje. Na ce in ya matso waje zai goga fenda duk lokacin da aka karya sitiyari. Ya sake latsawa. Wai a bubbuga bakin fendar a lanƙwasa shi ciki. Na ce fenti zai tsage, kuma ko an yi haka taya mai faɗin da ya dace ba za ta samu wuri ba. Ya sake latsawa. Wai ai ba mai faɗin za a sa ba, ƙarama ake samu a miƙe ta da iska har ta kai bakin rim, haka kowa ke yi.

A nan ne na ajiye tef ɗin awo.

"Wannan kam ba a shagon nan ba."

"Haba Ning, ni fa yayanki ne."

"Shi ya sa. Tayar da aka ja ta fi ƙarfinta, gefenta a kwance yake, ba abin da ke kare ƙarfen. Ka daki rami da gudu, ta zame daga rim, sai wani ikon Allah."

"Injin da ya kai bene hawa uku nake kwancewa in ɗaura a tsakiyar teku, ke za ki koya mini taya?"

"A teku akwai rami?"

Mang Delfin ya juya baya yana tari. Kuya ya ce a sauke masa motarsa. Ya tsallaka titi da ita zuwa wani shago da ke kallon namu, inda ba a taɓa ce wa mai mota a'a ba. Yini guda ina zaune ina jin ƙarar guduma a jikin fenda, kowane bugu kamar a kaina. Da yamma ya turo aka jibge mini tsofaffin ƙafafun huɗu, wai in ga wanda zai so.

Gaskiya motar ta yi kyau in tana tsaye. Da ta motsa kuwa, ko tsakuwa ta taka sai ka ji ƙurrr daga baya. Na ji ta da kunnena ranar da ya zo cin abinci gidan Nanay, mahaifiyarmu. Ya ce ƙarar za ta daina in taya ta saba.

Ranar ɗaya ga Nuwamba a ƙasarmu kowa na ziyartar kabarin mamatansa, mu kuma kabarin Tatay yana Bauan, can Batangas. Kowace shekara ni ke ɗaukar Nanay a a-kori-kurar shago. Bana Kuya ya ce shi zai kai ta, ta shiga garinsu a motar da za a kalla. Na ce hanya da nisa, ga ta da shekara saba'in da takwas.

Nanay ta ce, "Bar shi, Luningning. Shekara nawa rabon da ɗan nan ya je wa ubansa? Ke ki taho da abinci."

Suka tashi da sassafe da kyandirori da furanni a cinyarta. Ni sai da na gama dafa taliya da kaza, na bi bayansu wajen ƙarfe takwas. Cunkoso kuwa ba a magana, kamar duk Manila ce ta yi hijira. Na ɗauki awa ɗaya da rabi kafin in kusa hawa babbar hanya, sai waya ta yi ƙara.

"Ning, kina ina?"

"Me ya faru? Ina Nanay?"

"Lafiyarta ƙalau. Wani ɗan rami ne bayan mun sauka daga babbar hanya. Ruwa ya rufe shi, ban gani ba."

"Taya nawa?"

Ya ce, "Biyu. Na dama."

"Sa safayar, ka lallaɓa da ɗayar zuwa wurin mai faci."

"Na cire safayar, a gurbinta aka sa sifika. Mai facin kuma ya zo ya duba, ya ce rim ɗin gaba ya tsage."

Na kifa goshi a kan sitiyari har na bayana ya yi mini hon. Ranar hutu ce, ba shagon da ke buɗe, balle a samu irin wannan girman a ƙauye. Ba yadda zan yi, na juya na koma Banawe ta cikin cunkoson da na fito, na buɗe shago, na mirgino tsofaffin ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya na loda kusa da tukunyar taliya, na ɗauki jak da sifana, na sake kama hanya.

Ƙarfe uku ta gota na same su. Motar na gefen titi ta karkace, tayar gaba ta zame daga rim tana reto, ta baya ta yage a gefe. Kuya na tsaye rigarsa sharkaf da gumi. Nanay kuwa wata mai sayar da abarba ta ba ta benci a gindin mangwaro. Furannin sun yi laushi, kyandirorin sun lanƙwashe don zafi.

Na durƙusa gabanta. "Nanay, sannu. Kin ji ciwo?"

Ta buɗe jaka ta nuna mini haƙoranta na roba a cikin hankici. "Tun a hanya na cire su, ƴar nan. Motar yayanki ko kan tururuwa ta bi sai na ji a ƙashin bayana. Na ce kada in haɗiye su."

Na miƙe na nufi Kuya. Na jefa masa sifana, na sa jak. Sai da muka canza duka huɗun, muka ciro zobban ƙarfen nan da aka cusa a gaba. Noti ɗaya ma ƴan tsallaken titi sun ɗaure shi a karkace, sai da na hau sifanar da ƙafa. Yana ta aiki kansa a ƙasa, ni kuma ina jira in ji kalma ɗaya daga bakinsa.

Da muka sauke jak ya goge hannu ya ce, "Ramin nan fa ko babbar mota ce sai ta ji a jikinta."

Mai abarba ta ce, "Tun safe motoci ke faɗa masa suna wucewa, yallaɓai. Kai kaɗai ka tsaya."

Rana ta kusa faɗuwa muka shiga maƙabarta. Dangi duk sun ci sun watse, sai guntayen kyandir a kan kabarin Tatay. Nanay ta miƙe nata da hannu yadda ta iya, ta kunna, muka yi addu'a. Kuya ya daɗe a tsaye yana kallon sunan, idonsa ya kawo ruwa, har na ji haushina ya ɗan sauka. Muka ci taliyar da sanyinta. Da za mu koma, Nanay ba ta ko dubi jar motar ba, ta buɗe a-kori-kura ta shiga.

Sati ya zagayo Kuya bai kira ni ba. Ranar Litinin ta biyu sai ga shi ya shigo shago a hankali, ba taka totur, da ledar burodi mai zafi ya ajiye wa Mang Delfin. Ya zauna ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar ciwon bayansa, sannan ya ce, "Ni fa na yi tunani. Sha tara ta yi wa titunanmu yawa."

"Ashe."

"Sha takwas zan sa."

"Sha bakwai, Kuya."

"Ning, ki bar ni da ɗan mutuncina mana."

Na dubi Mang Delfin, ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauko tef na shiga ƙarƙashin motar da kaina. Na auna daga birki zuwa fenda, na sa aka karya sitiyari dama da hagu na sake aunawa, na rubuta. Sha takwas za ta shiga in na gaba bai wuce faɗin inci takwas ba, na baya tara, da taya mai ɗan nama a gefe, ba wadda aka ja ba. Na ce ni zan zaɓo, kuma in ya sake nuna mini wayar nan a kan maganar, ya tsallaka titi. Ya ce ya ji.

Kwana uku na yi ina bugo wa dillalai kafin in samu masu cibiyar da ta dace. Ruwan toka ne, Kuya ya ɓata fuska da ya gani. Muka ɗaura, muka yi balansin, muka saita ƙafa. Ya zagaya unguwa sau biyu ya dawo, ba ƙara ba guga. Fentin da guduma ta tsaga a bakin fenda dai yana nan, ya fara tsatsa.

Ya fito ya ja da baya yana kallon motar, ya karkata kai, ya tsuguna ya zura yatsu uku tsakanin taya da fenda.

"Ning, zo ki gani. Yanzu kuma sarari ya yi yawa a nan. Da za a ɗan yanke sifirin da motar ke zaune a kai, ta sauka ko da inci ɗaya ne..."

Na cire safar hannuna na ajiye a kan teburi. Na ce wa Mang Delfin ya kulle injin yankan ƙarfe a kabad ya ba ni makullin, na sa shi a aljihu, na tafi cin abincin rana. Har na sha kwana ina jin muryar Kuya yana ce wa dattijon, ai rabin inci ma ya isa.